Murya Bayan Tiyatar Maƙogwaro: Kowane Aiki da Lokacinsa

Darasin da ya fi wuyar fahimtar da majinyaci da danginsa shi ne, muryar da aka ji ranar tiyata ba ita za ta zauna ba.

Sau da yawa daga aikin maƙoƙo abin ke farawa. Jijiyar da ke motsa tantanin murya, wato naman nan biyu na cikin maƙogwaro da ke haɗuwa su fitar da sauti, ta taɓu, gefe ɗaya ya shanye, ya kasa haɗuwa da ɗan'uwansa. Iska ta riƙa zurarewa, murya ta disashe, ko ruwa aka sha sai an ƙware. Akan jira wata 6 zuwa 12 kafin aikin dindindin, domin jijiyar kan farfaɗo da kanta. Kafin nan ana iya yin allurar cike tantanin. Nan take take gyara murya, amma jiki na shanye ta cikin 'yan watanni. Sai a koma ƙauye, murya ta sake disashewa, a fara zargin sammu, alhali wa'adin allurar ne ya cika.

Aikin dindindin kuwa, wanda likitan Japan Isshiki ya bayyana a 1974, mutum na farke ake yin sa. A huda 'yar taga a guringuntsin maƙogwaro, a cusa ɗan silikon ya tura tantanin tsakiya, ana sa shi magana ana saurare. Daren farko ne abin tsoro, kumburi ko taruwar jini na iya toshe numfashi, don haka ba ranar ake kama hanyar Ringim ko Gwarzo ba. Makon farko murya kan ƙara shaƙewa, sai wajen wata 3 take daidaita. Idan kuma haɗin jijiya aka yi, wato aka jona wata lafiyayyar jijiya da wadda ta taɓu, akan yi wata 3 zuwa 6 ba a ji canji ba.

Kunnen dangi ba ma'auni ba ne. A ja numfashi a riƙe "aaa", a ƙirga daƙiƙoƙi, a naɗa a waya duk wata. Babba lafiyayye kan kai 15 zuwa 20, mai shanyewar sau da yawa ba ya kai 10.

Muryar hira ita ke fara dawowa, ƙarfi kan makara. Ladan da malamin allo su nemi lasifika, a yawaita shan ruwa da hunturu, a guji hayaƙin murhu da ƙurar sussuka. Bayan shekaru naman gefen da ya shanye kan rame, giɓi ya dawo. Idan daƙiƙoƙin suka fara raguwa, ko ƙwarewa ta dawo, a koma sashen kunne, hanci da maƙogwaro a leƙa da na'ura.