Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wayar da Ban Taɓa Riƙewa Ba

A makon jiya mun tsaya ne a inda ƙanena, ɗan Baffa, ya gama digirinsa na biyu ya koma Katsina. Abin da ban gaya muku ba shi ne, wayar da ya tafi da ita a aljihu da sunana aka karɓe ta.

A Ingila ba kowa ke sayen waya kuɗi hannu ba. Kwantiragi ake yi, galibi na wata 24, ana biya duk wata. Amma sai sun duba tarihin bashinka, shi kuwa baƙo ba shi da tarihi ko kaɗan. Shi ya sa na sa hannu a madadinsa, kuɗin na fita daga asusunsa. Da zai tafi ya rufe asusun. Ni ma na tashi daga Bradford zuwa Birmingham, wasiƙun kamfanin suka yi ta taruwa a tsohon gida.

Wasiƙar da ta iso ni daga ƙarshe ba ta kamfanin waya ba ce. Wasu ne suka sayi bashin. Haka abin yake a can: kamfani ya gaji da bi, sai ya sayar da bashin da araha, wanda ya saya ya bi ka cikakke. Fam 700 da ɗoriya, don an haɗa da duk watannin da suka rage. A ƙasan takardar, da rubutu mai kauri, sun ce wakilinsu na iya zuwa gida.

"Maigida, kwashe mana kaya za su yi?" in ji matata. Kafin la'asar ta lulluɓe keken ɗinkinta da zanin gado ta kai ɗakin maƙwabciya. Ga kira safe da yamma, murya mai ladabi, tambaya ɗaya: nawa za ka iya biya yau?

Wata dattijuwa 'yar sa-kai a ofishin Citizens Advice, masu ba jama'a shawara, ce ta kwantar min da hankali, kyauta kuwa. Ta ce mai bin bashi ba ma'aikacin kotu ba ne, ba shi da ikon shiga gidanka ko ɗaukar cokali. Sai sun kai ƙara sun ci, kuma kafin ƙarar dole su aiko da takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 30. In kotu ta yanke hukunci, wanda suke kira CCJ, shekara 6 yake yi a kan sunanka, sai dai in ka biya duka cikin wata guda. Na tambaye ta batun da na ji cewa bashi na mutuwa. Ta ce akwai dokar 1980 mai wa'adin shekara 6, in ba ka biya komai ba kuma ba ka amsa bashin a rubuce ba, amma nawa bai kama hanyar nan ba tukuna. Ta sa na rubuta musu su aiko da shaidar bashin, su kuma daina kira, komai ya zama a takarda.

Kiran ya ragu. A ganina jarin mutanen nan tsoro ne, kuma sun fi samun ciniki wurin baƙo irina da ke ganin ko wasiƙa ɗaya za ta iya taɓa takardun zamansa.

Saura na gida. Da na kira yaron, sai ya ce, "Wallahi Yaya na ɗauka an gama biya. Wayar ma Hajiya na ba wa." Na ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan a cikinka ya kamata ya zauna. Ya yi shiru. To ta yaya zan bi ɗan Baffa kuɗi, alhali Baffan ne ya sayar da gonarsa ya biya min kuɗin jami'a?

Bayan sallar isha'i wayata ta yi ƙara. Lambar Baffa ce. Abin da ya ce min, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.