Kifin kogi da janyewar ruwa: abin da aikin ke koyarwa

Kuskuren da aka fi yi a aikin kare kifin kogi lokacin da ruwa ya janye shi ne a dubi jimillar ruwan shekara a ce kogi lafiya lau yake. Kifi bai san jimillar shekara ba. Abin da ke kashe shi mako biyu ne ko uku na tsananin zafi, lokacin da gonaki da birane suka fi jan ruwa, kuma a cikin makwannin ma akwai sa'ar da ta fi muni: gab da asuba.

Dalilin kuwa iska ce, wato oksijin da ke narke a cikin ruwa. Ruwa mai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita. In ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7.5, alhali a wannan zafin ne jikin kifi ya fi bukatar iskar. Da rana gansakuka tana fitar da oksijin, da dare ta koma tana zuƙe shi. Shi ya sa wanda ya tsoma na'urar awo da azahar zai ga lamba mai kyau ya tafi gida, kafin gari ya waye kifi ya taso ciki sama. Yawancin kifaye suna fara galabaita in awon oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 5 a lita, ƙasa da 2 kuwa mutuwa ce. A auna da asuba, a saman ruwa da can ƙasan gurbi, domin ruwan da ya daina gudu yakan rabu hawa biyu: mai ɗumi a sama, mai sanyi marar iska a ƙasa. Abin da ya faru ke nan a Menindee da ke bakin kogin Darling na Ostireliya a ƙarshen 2018 da farkon 2019. Kogin ya tsaya, gansakuka ta cika shi, sai sanyi ya sauko kwatsam ya gauraya hawa biyun. Dubban ɗaruruwan kifaye suka mutu, har da manyan kifayen da ake kira Murray cod da suka yi shekaru da dama a wurin.

To ruwa nawa za a bar wa kogi? Tsohon ma'aunin da wani masanin kifi mai suna Tennant ya fitar a 1976 ya ce kashi 10 cikin 100 na matsakaicin gudun ruwan shekara shi ne mafi ƙarancin da zai riƙe rai na ɗan lokaci, kashi 30 ne ke ba da mazauni mai kyau. Matsalar ita ce masu rabon ruwa sukan kama goman nan su mai da ita doka ta dindindin. Ba don haka aka yi ta ba.

Ko an bar ruwa isasshe, in gudunsa bai sauya da lokaci ba, an yi rabin aiki ne. Dubi ɗan ƙaramin kifin nan na kogin Rio Grande a Amurka, silvery minnow, wanda aka sa cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1994. Ba ya zuba ƙwai sai ruwa ya taso bayan ƙanƙarar tsaunuka ta narke, ƙwan kuma ruwa ne ke tafiya da su. Yawancinsu ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu a raye. Ke nan in aka tare tasowar ruwan shekara biyu a jere, babu tsofaffi, babu yara. Haka nan rage ruwan madatsa: a rage shi sannu a hankali cikin kwanaki. In aka rufe ƙofa farat ɗaya, ƙananan kifayen da ke gefe-gefe za su maƙale a kan yashi.

Akwai ɓarawon da ba a gani, wato rijiyoyin burtsatse na kusa da gaɓa. Da rani ruwan ƙasa ne ke ciyar da kogi, shi ne kuma ke sanyaya gurabun da kifi ke fakewa. Illar zuƙarsa ba ta bayyana nan take, takan ɗauki makwanni ko watanni, kuma kashe famfo yau ba ya dawo da ruwan gobe. Dole a rage ja tun kafin kogi ya nuna alama.

Bakin famfo da magudanar ban-ruwa su ma suna haɗiye kifi. Raga mai ido kamar milimita 2 zuwa 3 tana tare ƙanana, amma sai in saurin ruwan da ke shiga bai wuce kusan santimita 12 a daƙiƙa ba. Sirrin yana ga faɗin ragar. In ta yi ƙanƙanta, ko ciyawa ta toshe rabinta, ruwa zai manne kifin a jikinta ya mutu a nan.

Kwashe kifi daga kududdufan da suka yanke shi ne aikin da kowa ya fi son ɗaukar hotonsa, shi ne kuma mafi ƙarancin riba. Kifin da ya kwana biyu a ruwan zafi ya riga ya jigata, da yawa sukan mutu bayan an sake su inda ba mai gani. In ba makawa, a fita da sassafe, a ja taru a hankali don kada laka ta toshe musu hanyar numfashi, a jiƙa hannu kafin a taɓa su. Tankin ɗauka ya kasance da oksijin da gishiri kamar giram 5 a lita, kada a cika shi maƙil. Kifayen da ba 'yan asalin kogin ba masu cin 'yan uwansu a ware su gefe. A wurin saki a riƙa zuba ruwan kogin cikin tankin kaɗan-kaɗan har bambancin zafinsu ya dawo bai fi digiri 2 ba, kuma a tabbata wurin da aka zaɓa ba shi ne zai ƙafe mako mai zuwa ba.