Ɗinkin Babbar Riga a Harlem da Ƙungiyoyin da Suka Tallafe Mu

Shagona yana kusa da titi na 116 a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma abin da muke ɗinkawa a cikinsa kayan maza ne irin na gida: babbar riga, kaftani, jamfa da wando. Muna ɗinka wa mata idan sun kawo shadda ko leshi, amma aikin da aka san mu da shi shi ne aikin wuya da na aljihu wanda allura da hannu suke yi. Keken aiki yana nan a shagon, kuma muna amfani da shi ga mai gaggawa, sai dai ba ma yi wa kowa rufa-rufa: rigar da keke ya yi mukan ce keke ne ya yi ta, kuɗinta daban, wadda hannu ya yi kuma kuɗinta daban.

A cikin birnin Zariya na koyi wannan sana'a, a zauren kawuna, inda yaro yake fara aiki da saka wa manya zare a allura da warware zaren da ya harɗe. Sai an ga hannunsa ya natsu sannan ake ba shi ƙyalle ya riƙa cike ƙananan ramukan ado, kuma yakan daɗe a kan wannan kafin a yarda ya taɓa rigar mutane. Mai zane daban yake da mai ɗinki; shi ne zai zauna da alƙalami da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, ya zagaya tambari a ƙirji da baya, mu kuma mu bi sawunsa da allura. Kawuna ba ya duba fuskar riga idan an kawo masa aiki. Juya ta yake yi ya dubi cikinta, ya bi bayan ɗinkin da babban yatsansa, idan ya ji ƙulli ko ya ga inda zare ya yi tsalle sai ya miƙo ta ya ce, "Kai yaro, warware, mai rigar nan da ita zai je Idi." Riga mai aska takwas takan ci watanni a hannun mutum ɗaya, kuma wanda ya san aikin yana iya gane hannun da ya yi ta ko ba a faɗa masa ba.

Wannan ne ya sa raina yake ɓaci da kayan kwaikwayon da suka cika kasuwa. Ana buga zanen aska da tambari da fenti a kan yadin roba, a ɗinke shi a masana'anta, a rataye a bakin titi a kira shi kayan Afirka. Shadda ma haka take fama. Ta kirki, irin ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, auduga ce zalla, adonta a cikin saƙa yake, kuma ƙyallinta yana dawowa idan aka wanke aka buge ta. Ta jabu kuwa sinadari aka shafa mata, wankin farko yake tafiya da ƙyallin, a bar mutum da yadi mai laushi kamar tsumma. Dutsen guga ba ya ba shadda abin da bugu yake ba ta, shi ya sa na ajiye kututture da gudumar itace a bayan shago, ko da yake dole na zaɓi lokacin da maƙwabta suka fita aiki, domin ƙarar ba ta yi musu daɗi.

Duk wannan gwaninta ba ta buɗe wa mutum ƙofar kasuwanci a Amurka. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ga haka a 1994, lokacin da gwamnatin magajin gari Rudolph Giuliani ta tashi masu kasa kaya daga titi na 125, waɗanda da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne. Masallacin Malcolm Shabazz, na Musulmin Amurkawa baƙar fata, shi ne ya ɗauki nauyin kasuwar da aka buɗe musu a titi na 116, inda teloli da masu sayar da yadi da kayan fata suka samu rumfuna suna cin abinci. Tun daga wancan lokaci ya kamata kowane baƙo ya gane cewa a garin nan ɗan kasuwa ɗaya ba shi da murya, ƙungiya ce ake saurara.

Wata tsohuwar malamar makaranta da nake ɗinka wa jikokinta kayan biki ce ta matsa mini na je taron ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa. Abin da na tarar a can ba jawabai ba ne. Mutane ne zaune da takardu, akwai akanta da lauya da suke ba da lokacinsu kyauta, suna bin matsalar kowa ɗaya bayan ɗaya. A nan aka nuna mini yadda zan raba asusun shago da na gidana, aka karanta mini yarjejeniyar haya layi-layi kafin na sabunta ta, aka kuma fayyace mini batun harajin saye: a birnin New York tufar da kuɗinta bai kai dala 110 ba ba a ɗora mata wannan haraji, wadda ta kai kuwa ana ɗora mata kashi 8.875 cikin ɗari, kuma kusan duk rigar hannu ta wuce wannan iyaka. A nan kuma na fara jin labarin takardar shaidar da birnin yake ba kasuwancin tsiraru da na mata, wadda take buɗe hanyar neman kwangilar gwamnati, da sharaɗin mai neman ya mallaki aƙalla kashi 51 cikin ɗari na kamfanin, ya zama ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, kuma kasuwancin ya shekara yana aiki.

Batun rance ya fi komai wuya ga irinmu. A gida wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. A nan kuwa banki yana ganinsa a matsayin wanda ba shi da tarihi, saboda haka ba a san ko zai biya ba. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda da yawanmu ba ma so mu kusanta. Mutanen ƙungiya ba su yi mini dariya ba da na faɗi haka. Sun nuna mini tsarin Kiva, mai ba ƙananan 'yan kasuwa rancen da ba shi da ruwa har zuwa dala 15,000, inda jama'a suke haɗa kuɗin kaɗan-kaɗan ta intanet bayan mutanen da suka san mai neman sun fara tsaya masa.

Waɗannan ƙungiyoyi ba jiya aka kafa su ba. A 1900 Booker T. Washington, malami kuma jagoran baƙaƙen Amurka, ya tara 'yan kasuwa baƙar fata a Boston suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, a zamanin da bankunan fararen fata ba sa kallonsu. A 1948 aka kafa bankin Carver a Harlem saboda wannan dalili. Mutanen da suke tafiyar da su sun san abin da ya faru a Greenwood ta garin Tulsa a 1921, inda aka ƙone unguwar kasuwancin baƙaƙe ƙurmus, kuma da wannan sani suke aiki. Abin da yake damuna shi ne yadda 'yan'uwanmu Hausawan Gana da Nijar da Najeriya da suke zaune a Bronx da Harlem suke ja da baya daga gare su, suna ganin harkar ta Amurkawa ce. Adashinmu yana da amfani, da shi na sayi keken ɗinkina na farko, amma adashi ba ya karanta wa mutum takardar haya, ba ya kuma tsaya masa gaban mai gida idan an ninka kuɗin shago.

Mafi girman abin da na samu shi ne masu saye. Bikin Harlem Week, wanda ya faro a 1974 a matsayin taron yini ɗaya kuma majalisar 'yan kasuwar Harlem take jagorancinsa kowane watan Agusta, yana kawo jama'ar da ba za su taɓa leƙa shagona ba. Watan Fabrairu na tarihin baƙar fata, da ranar Juneteenth ta 19 ga Yuni, ranar tunawa da ƙarshen bauta, wadda ta zama hutun ƙasa a 2021, da Kwanzaa, bikin al'adun baƙaƙen Amurka na ƙarshen Disamba, sun zama mana kaka bayan ta Sallah biyu. Wata mai ba da shawara a ƙungiyar ce ta ce na riƙa rataye riga ɗaya a juye a gaban rumfa, kusa da ta bugun fenti, na bar mutane su taɓa da hannunsu. Ba'amurken da ya shafa bayan ɗinkin, ya ji yawan watannin da ya ci, ba ya neman ragi. Tambayarsa ita ce wane ne ya yi, kuma a wane gari. Mutumin gida ne zai shigo ya ɗaga rigar ya ce, "Haba Malam, ai a Kantin Kwari rabin wannan zan biya," alhali ya san abin da yake nufi yadi ne ba ɗinki ba, ya kuma san hayar Harlem ba ta Kano ba ce.

Ba komai ƙungiya take iya gyarawa ba. Dillalin da zai aiko da shaddar jabu a cikin ledar ta gaske yana nan, shi ya sa ba na yanka yadi sai na jiƙa gefensa na ga abin da ruwa ya bari. Masu tsara tarukan horo kuma sun fi sabawa da masu gidajen abinci da masu harkar kwamfuta, sai mai aikin hannu ya yi ta bayani kafin a gane dalilin da ya sa ba zai iya ninka yawan rigunansa cikin shekara ɗaya ba. Duk da haka ta hanyarsu na samu matasa biyu 'yan unguwa da suke koyon aiki a wurina, ɗaya iyayensa daga Kumasi suka zo, ɗayan kuma kakanninsa daga jihar Jojiya suka hauro Harlem. Yanzu suna matakin cike ƙananan ramuka a kan ƙyalle. Mai son rigar hannu ta Babbar Sallah ya kawo awonsa kafin azumi, mai son aikin keke kuma makonni uku sun isa.