Sati na shida: na mayar da kondensa na riƙe dainamik

'Yan uwa masu koyon rikodin, ga inda aka kwana wannan satin. Kun tuna na ce na aro makirfo kondensa wajen wani abokina, wai irin na situdiyo? To kwana biyu cur ina zaton matacce ne, na jona igiyar XLR, wato igiyar makirfon, shiru kake ji, ashe maɓallin 48V ɗin da ke jikin intafes, na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, shi ne ban danna ba. Kondensa ba ya tashi sai da wannan wutar, fantom pawa ake ce mata. Kunya kamar in nutse.

Da ya tashi kuma sai wata sabuwa. Murya ta fito tas wallahi, har jan numfashi da motsin leɓe ana ji, amma fa bai bar komai ba, ƙugin laftof, motar da ta wuce a titi, kujerar da na gyara zama a kai, ga amsa kuwwar ɗakin kamar a cikin rijiya nake rerawa. Kuma ba laifinsa ba ne, ɗakina ne bango fayau ba labule ba kafet. Na rataya bargo mai kauri a bayana ya ɗan lafa, don irin wannan makirfon ta gaba ya fi ji, bangon da ke bayan mai waƙa shi yake kallo, ni kuwa da farko a bayan makirfon na sa bargon ina ta mamakin me ya sa ba wani canji.

Sai na ɗauko SM58 na kamfanin Shure, makirfo nau'in dainamik, wanda tun 1966 ake yinsa kuma ba ruwansa da 48V. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: baiti ɗaya da kowanne, na daidaita ƙarfin muryar tana taɓa wajen -12 dB a ma'aunin sauti, sannan na yi shiru na daƙiƙa 10 ina ɗauka. A wannan shirun aka rabu. Na kondensa cike yake da ɗaki, na dainamik kusan tsit, saboda shi bakinka kusan manne yake da shi, muryarka ta danne sauran. Sai dai sai ka murɗa gen, wato maɓallin ƙara ƙarfin makirfo, sosai, kuma in ka matsa da yawa murya ta yi kauri ta toshe, tazarar yatsu uku ce ta yi min daidai.

Ƙyalƙyalin nan na sama da kondensa ke bayarwa kam na rasa shi, ba zan ɓoye muku ba, amma gara wannan da kuwwar da ba ta gogewa a miksin, wato wajen haɗa sauti.

Abin da ya rage min yanzu iskar "b" da "f" ce, tana bugun makirfon bum bum ko da ragar kansa. Gobe zan sa fof filta, ragar da ke tare iskar baki, in ɗan karkatar da shi gefen baki in ji.