Muƙalar ganuwa: inda aka kwana a mako na huɗu

'Yan'uwa masu koyon haɗa hoto da rubutu, ga rahoton da na yi muku alkawari. Malaminmu ya ba mu aikin muƙala a kan wani wuri a garinmu, shafi shida. Na roƙe shi ya bar ni in raba maganar biyu, rabi a rubuce, rabi a hoto. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na yarda, amma kar ki kawo min albam ɗin biki." Sai na zaɓi ganuwar Bauchi, ko in ce ɗan abin da ya rage nata a bayan gidajen mutane.

Makon farko asara na tafka. Na fita da rana tsaka ga hazon hunturu, na ɗauko hotuna sun kai tamanin da waya, da na dawo gida duk sun yi fari fat, ganuwar ta zama kamar tudun yashin masu gini. Daga baya na gane lokacinta: wajen ƙarfe bakwai na safe ko bayan la'asar, sa'ilin da rana ke dukanta ta gefe. A nan ne inuwa ke fito da kwararon da ruwan damina ya zaizaye a jikinta. Ku riƙa goge gilashin kyamara da gefen mayafi ko riga, ƙurar Bauchi ba ta da kunya.

Mako na biyu ne ya koya min abin da ya fi komai. Na jera hotuna bakwai, ƙarƙashin kowanne na rubuta abin da ke ciki: "Ga wani ɓangare na ganuwa da akuya a kai." Ƙawata ta karanta ta ce, "To ai ina da ido, na ga akuyar." Na ji haushi, amma gaskiyarta. Idan rubutu ya maimaita abin da hoto ya riga ya nuna, ɗayansu zaman banza yake yi a shafin.

Mafitar a wajen wani dattijo mai gyaran keke na same ta, rumfarsa na jingine da guntun ganuwar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko za ka bari in ɗauke ka hoto?" Ya ce, "'Yata, fuskata dai a'a. Ɗauki hannun." Ya ɗora tafinsa a jikin jar ƙasar, yatsun duk baƙin mai, har da tsohon tabo a babban yatsa. Yana nan a haka ya ba ni labarin yadda suke hawa kanta suna yara, da yadda mutane suka yi ta ɗibar ƙasarta suna yaɓen ɗakuna. Yanzu hoton hannun ya cinye shafi na uku gaba ɗaya, babu ko kalma a ƙarƙashinsa. Maganarsa tana shafin da ke kallonsa, layi tara kacal, sauran takardar fili. Na goge duk inda na siffanta launi ko girma, na bar wa rubutu abin da kyamara ba ta iya kamawa: ƙarar guduma a kan wili, warin gam ɗin faci, da abin da ya wuce.

Tarihin kuwa ya so ya yi min nauyi. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya taso daga Inkil ya kafa garin a 1809, kuma kewayen ganuwar ya haura kilomita 10. Da na sa wannan a buɗewa sai muƙalar ta koma littafin aji. Na zana taswira da biro, na sa ƙofofi irin su Wunti, Ran, Nasarawa, Jahun da Tirwun, na ɗauke ta hoto, shekarar da nisan suka zauna a gefenta da ƙananan haruffa. Layukan sun karkace, na bar su haka.

Tsara shafi a Word ya sha min rai, ina ƙara kalma ɗaya hoto ya yi tsalle ya koma wani shafin. Na koma Canva, wata manhajar tsara shafi. Can kuma samfurin haruffan da na zaɓa bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai su fito wani iri a tsakiyar kalma. Samfurin haruffa na Noto Sans yana da su duka. Ku mayar da aikin PDF kafin ku kai shagon buga takardu, in ba haka ba kwamfutarsu za ta sauya muku komai.

Jiya na buga gwaji, baƙi da fari saboda mai kala ya fi ƙarfin aljihuna. Jar ƙasar da hannun Baba suka haɗe suka zama dunƙulen baƙi ɗaya. Yau na ƙara wa hoton haske sosai, zan sake buga shafin shi kaɗai, in bai fito ba in haƙura in biya kuɗin kala na wannan ɗayan. Saura shafi na biyar, inda hotuna biyu ke rigimar wuri ɗaya, ga shi ranar Alhamis za a karɓi aikin.