Layin White Pass a lokacin yaƙi: jirgin da bai kamata ya tsaya ba

A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta fara gina Titin Alaska, kayan aiki masu yawa kuma ta teku suke isowa garin Skagway da ke gaɓar tekun Alaska. Daga can sai layin dogo na White Pass ya haura da su Whitehorse a ƙasar Kanada, tafiyar mil 110. Siririn layi ne mai faɗin ƙafa 3, bai ma kai tsohon layin Legas zuwa Kano ba, kuma cikin mil 20 na farko yana hawa kusan ƙafa 2,900. Ran 1 ga Oktoba 1942 sojojin Amurka suka karɓi hayarsa, suka damƙa shi ga Bataliya ta 770, rundunarsu mai tafiyar da jiragen ƙasa.

Da hunturu dusar ƙanƙara kan tare layin, babban makamin yaƙi da ita kuwa shi ne injin shara mai ƙatuwar fanka a goshi. Tukunyar tururinsa fankar kawai take juyawa, ba ya tafiya da kansa, sai kawunan jirgi biyu ko fiye sun tura shi. Fankar ta yanki dusar ta feso ta sama, a karkatar da bakin da take fita zuwa ɓangaren kwari. Tulin da iska ta tara ba wuya. Wanda ya zaftaro daga kan dutse shi ne mugu, domin a dunƙule yake, ga duwatsu da kututture a ciki masu karya wuƙaƙen fanka. Dole mutane su riga shiga da sanduna da shebur suna lalube. In tulin ya fi injin tsayi, a rage shi da hannu ko katafila tukuna.

Bayan shara akwai kankare ƙanƙarar da ta daskare a gefen ciki na dogo. Aiki ne da ido ba ya gani, amma in aka bar ta, leɓen ƙafar jirgi zai hau kanta, tarago ya sauka daga layi.

Sai dai a ganina ruwa ne ainihin abokin gaba. Kan jirgi mai tururi kullum yana ɗigar ruwa. Ya daɗe a tsaye, ƙafafunsa su manne da dogo. Shi ya sa ko an tare hanya, direba yake ta ɗan matsawa gaba da baya. Tiyon da ke kawo ruwa daga tanki zuwa tukunya yana daskarewa, don haka ake mayar da tururi kaɗan ta cikinsa. Danshi a bututun iskar birki kan zama ƙanƙara ya toshe shi, kuma a gangara mai kusan kashi 4 cikin 100 wannan halaka ce, sai a riƙa tsiyaye tankunan iska akai-akai. Yashin da ake zubawa kan dogo don hana santsi ma, in ya jiƙe ba ya fita.

Jirgin da ya maƙale tsakanin tashoshi kuwa, wutarsa na ci, ruwansa na ƙarewa. Ma'aikata kan loda dusar ƙanƙara cikin tanki su narkar da ita da tururi, amma sabuwar dusa kusan shebur 10 ke ba da ɗaya na ruwa. In ruwa ya gaza, tilas a kashe wuta don kada tukunya ta ƙone, a tsiyaye bututai kafin su fashe. Daga nan kan jirgin ya zama ƙarin abin tare hanya.

Duk da haka guguwa ta ci galaba sau biyu: layin ya rufe daga 5 zuwa 15 ga Fabrairu 1943, sannan daga 27 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu 1944. Sojoji sun ƙaro kawuna, 7 daga layin Rio Grande na Colorado da sababbi 11 ƙirar kamfanin Baldwin, kuma a 1943 kaɗai aka yi dakon tan sama da 280,000, kwatankwacin aikin shekara 10 kafin yaƙi. A 1946 aka mayar wa kamfanin White Pass layinsa.