Goslon Nyanya ya tuna min da Alƙahira

Jiya awa biyu muka kwashe a goslon Nyanya, mu huɗu a bayan tasi har ƙafata ta sage, sai zaman da na yi a Alƙahira ya faɗo min a rai. Can ma cunkoso ba a magana, amma metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, ke ceton mutum, tun 1987 suke da shi, har da taragon mata zalla, wannan ne ya kwantar wa maiɗakina hankali. Ƙananan bas kuwa sai ka koyi alamar hannu ko ka wuni bakin titi. Iskandariyya jirgin ƙasa nake bi daga tashar Ramsis, wajen awa uku, gonaki kore shar ta taga, wallahi har yanzu ina kewar hanyar nan.